Kishin malami ne ke riƙe da lekol, amma har yaushe?

Duk shekara in Satumba ta zo yara za su koma lekol, sai ka ji rediyo ta cika da maganar gyara. An kawo sabon tsari, an yi wa malamai seminar, manya sun taso daga Yawunde sun leƙa aji biyu uku an ɗauke su hoto sun koma. Kafin Disamba komai ya koma inda yake, metir na tsaye gaban allo yana faɗa, yara sama da ɗari suna maimaitawa da iya ƙarfinsu, amma in ka ware ɗaya daga ciki ka ce ɗan karanta min wannan layin sai ya tsaya yana kallon ka. Mu nan Garwa mun ga wannan har mun gaji, haka ƴan uwanmu na Marwa da Ngaundare da Kusiri.

Abin da nake son faɗa shi ne, duk inda na ga karatu ya gyaru da gaske a wannan yankin namu, in ka bi diddigi za ka tarar da mutum ɗaya ko biyu da abin ya shiga ransu, waɗanda suka yarda har zuciya cewa yaran nan za su iya. Kuma wannan kishin nasu da ya kamata a lallaɓa a raina, shi muka mayar jakin dako, gwamnati ta ɗora masa kaya, mu iyaye mun ƙara namu, muna jira ya durƙushe mu ce ai dama malaman yanzu ba su da kishi.

A 2018 aka fito da sababbin manhajojin firamare bisa tsarin da suke kira APC, wai a koya wa yaro abin da zai iya aikatawa da kansa, a rage hadda. A takarda abin ya yi kyau wlh, ba ni da ta cewa. To amma metir ɗin da bai gamsu ba me yake yi? Sai ya canza kanun takardar shirin darasinsa ya zuba sababbin kalmomi saboda ranar da insifekta zai zo, in ya rufe ƙofa ya ci gaba da koyarwa yadda aka koya masa shekara ashirin da suka wuce. Babu dokar da za ta bi shi cikin aji. Haka a 2016 aka yi alkawarin kwamfuta 500,000 ga ɗaliban jami'a, daga baya aka raba, je ka tambayi wanda ya yi karatu a jami'ar Ngaundare da ke Dang ko ta Marwa lokacin ko ta canza yadda ake ba da darasi. Ni dai ban ga alama ba.

Yarda da yaro ita ce tushen maganar, kuma ba wai a baki ba. Shiga kowane aji na CE1, wato aji uku na firamare, ka zauna a baya na ɗan lokaci za ka gane wane irin malami ne a ciki. Wani tun sati na biyu ya riga ya raba ajin a zuciyarsa, ga yara goma na bencin gaba, yawanci ƴaƴan ma'aikata da ake musu Faransanci a gida, da su yake magana, su yake kira allo, sauran casa'in ɗin kuma aikinsu su yi shiru kar su dame shi. In ka tambaye shi sai ya ce ai waɗannan kansu ba ya ja, ko ya ce ƴan ƙauye ne, ko ƴar wane ce bana ma aure za a yi mata. Ya yanke musu hukunci tun ba su kai shekara tara ba, kuma yaro ba wawa ba ne, yana gane cewa an cire rai da shi, sai shi ma ya cire rai da kansa. Tun 1968 wasu masu bincike biyu a Amurka, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a wata firamare a Kalifoniya, sun ba malamai sunayen wasu yara wai su ne za su yi fice a shekarar, alhali ƙuri'a kawai aka yi aka zaɓo su, ƙarshen shekara yaran nan, musamman na ƙananan aji, suka ɗara sauran ci gaba. Masana sun yi ta gardama kan girman tasirin har yau, amma duk wanda ya taɓa zama a bencin baya ba ya buƙatar a kawo masa hujja daga Kalifoniya.

Ɗaya malamin kuma, wanda ya yarda, za ka gan shi yana abubuwan da ba su cikin kowace takarda. Yana juya zaman benci duk sati. Yana sa wanda ya gane ya zauna da mutum huɗu da ba su gane ba. In alli ya ƙare ya fitar da su ƙarƙashin dalbejiya su yi rubutu a ƙasa da yatsa. In yarinya ta kwana uku ba ta zo ba zai hau kekensa da yamma ya je ya yi sallama da babanta, ya zauna a tabarma ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar gida kafin ya kawo maganar. Babban abin da yake yi kuma, wanda sau da yawa a ɓoye yake yin sa, in ya ga idanun yara sun yi fuuu ba su fahimci komai ba sai ya sauke Faransancin ya yi bayani da Fulatanci ko Hausa ko Mafa ko Tupuri, duk wanda ya iya, in sun kama sai ya mayar da su kan Faransancin.

Nan nake so in ɗan daɗe, don wannan maganar harshe ita ce ta fi nuna min yadda yaƙinin mutum yake jan doka a baya. Yaro ɗan shekara shida ya shigo SIL, ajin farko na firamare, a gida Fulatanci yake ji, a kasuwa Hausa, ko kuma Giziga ko Mundang ko Masa ko Larabcin Shuwa in ɗan wajen Kusiri ne, ranar farko a ce masa ga haruffa ka koya, ga kuma sabon harshe ka koya, duka a lokaci guda, daga bakin mutumin da watakila daga kudu aka turo shi bai san ko sannu da yaren garin ba. Tsofaffinmu da suka yi lekol zamanin da suna ba da labarin sambol, wani abu da ake rataya wa yaron da aka kama yana yaren gidansu, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi don wanda abin ya kwana a wuyansa shi zai sha bulala. An daina rataya sambol, amma tunanin yana nan a kan mutane da yawa, har da iyaye. A cikin wannan hali ne wani malamin jami'ar Yawunde, Farfesa Maurice Tadadjeu, ya fara shirin PROPELCA a 1981, shi da abokan aikinsa suka ce a fara koya wa yaro karatu da harshen da yake ji sannan a shigo da Faransanci ko Turanci a hankali. Lokacin mutane da dama gani suke ɓata lokaci ne, wasu ma cewa suke zai raba kan ƙasa. Makarantun mishan ne suka fi buɗe masa ƙofa. Sai a 1998, bayan shekara 17, dokar tsara ilimi ta ƙasa ta ambaci bunƙasa harsunan gida a cikin manufofinta, daga baya kuma shirin ELAN ya zo ya gwada koyarwa da harsuna kaɗan a wasu makarantun gwamnati, ciki har da Fulatanci. Mutumin ya rasu a 2012 bai ga abin ya game ƙasa ba, har yau ma bai game ba, amma ɗan abin da aka samu daga taurin kansa ya fito, shi da malaman ƙauye da suka yarda suka gwada tun babu wanda ya umarce su.

Mu Hausawa da Fulani ma bai kamata a zo ana mana dogon bayani kan wannan ba, tunda makarantar allo na nan a kowace unguwa. Ba ta da kasafi, ba ta da minista, ba wanda ya taɓa yi wa alaramma seminar a otal, amma ta wuce zamanin Jamus, ta wuce na Faransa, ta wuce Ahidjo, ga ta nan da asuba da bayan la'asar yara na ta karatu. Me ya riƙe ta? Uba ya yarda cewa abin da ɗansa zai samo a can yana da daraja duniya da lahira, malam ma ya yarda, shi ya sa kuɗin Laraba da ɗan abin sadaka suka ishe shi ya zauna shekara talatin a zaure ɗaya. Kuma ku lura da wani abu da ba mu cika yabawa ba, a makarantar allo kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a cewa tunda shekararka tara dole ka kai izu kaza, sai ka biya malam ya ji ya gamsu sannan ka wanke a rubuta maka na gaba. A Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta yi suna a duniya da wani tsari mai kama da haka, a gwada yaro a ga shin haruffa ya sani ko kalma ko yana iya karanta ɗan labari, sai a haɗa shi da waɗanda suke matakinsa ko da ajinsu ba ɗaya ba, a yi ta aiki da su har su haura. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Michael Kremer, sun gwada tsarin a wurare da dama suka ga yana aiki. Mu kuma muna da irinsa a zauren gidanmu tun kaka da kakanni, amma lekol ta ce a'a, kowa ya bi program, wanda aka bari a baya a SIL haka zai yi ta jan ƙafa har CM2, ajin ƙarshe, ya faɗi CEP, jarrabawar gama firamare, ya koma gida.

Kar wani ya ce na wanke makarantar allo tas. Bulalar ta yi yawa, barar da ake tura ƙananan yara abin kunya ce a gare mu duka, kuma yaro ya sauke bai iya rubuta wasiƙa ba bai san ma'anar abin da ya haddace ba shi ma gyara yake so. Waɗanda suke gyaran ma ai daga cikin gida suke fitowa, malaman da suka ga ya kamata su ƙara lissafi da rubutun boko da fassara, suka sha suka daga ƴan uwansu, suka daure. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wanda Modibbo Adama ya karɓo tuta a hannunsa, da ta ga matan ƙauye ba su da hanyar zuwa wajen malamai sai ta shirya jajis, manyan mata da take koyarwa ta naɗa musu malfa su koma garuruwansu su koyar da wasu ta hanyar waƙe da Fulatanci da Hausa. Ta rasu a 1864, ƴan taru kuma, wato wannan ƙungiyar karatun matan da ta kafa, ba su mutu da ita ba. Saboda haka in wani ya ce min karatun mata baƙon abu ne da Nasara ya kawo, sai in ce ya koma ya tambayi tarihin gidansu.

Iyaye ma da tasu yardar, kuma ni ba na cikin masu zagin uban da ya ƙi kai ɗansa lekol. Lissafi yake yi. Komawa makaranta tana faɗawa daidai lokacin dashen muskuwari, dawar rani, a karal, bayan nan ga tsinkar auduga, hannu ɗaya a gona ba ƙaramin abu ba ne. Ya duba maƙwabcinsa, ɗansa ya ci Bak har ya yi lisans, yau ga shi yana kilando a bakin kasuwa. Ya duba nasa ɗan da ya shekara huɗu a lekol bai iya karanta takardar asibiti ba. To da wane baki za ka ce masa ya yarda? Ba a cusa wa mutum yarda da lasifika ko da taron wayar da kai. Ranar da ƴarsa ta dawo ta karanta masa saƙon da aka turo a wayarsa, ko ta duba rasit ɗin auduga ta ce baba an rage maka a nan, ranar zai fara tunanin barin ta ta wuce CM2. Kuma wanda zai kai yarinyar wannan matakin shi ne metir ɗin nan da na ce yana hawa keke da yamma.

To yanzu ga inda abin yake min ciwo. Tun shekarar 2000 aka ce firamaren gwamnati kyauta ce, amma kowa ya san kuɗin APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, kuma kowa ya san inda kaso mai yawa na kuɗin yake tafiya a ƙauyuka, wajen biyan metir na iyaye, tunda makaranta mai aji shida sai ka tarar ma'aikacin gwamnati ɗaya ne ko biyu a ciki har da direkta. Waɗannan metir na iyaye, samari da ƴan matan garin da suka tsaya a BEPC ko Probatuwar, wasu ma sun gama ENIEG, makarantar horar da malaman firamare, suna jiran a ɗauke su shekara da shekaru, abin da ake ba su a wata wani lokaci bai kai kuɗin buhun gero ba, in damina ta yi gardama iyaye ba su biya ba shi kenan, a hutu kuma ko dala babu. A Chadi ma haka, malaman al'umma da iyaye ke biya su ne suka riƙe makarantun karkara tun zamanin yaƙin basasa da gwamnati ta kasa kaiwa ko'ina. Da Boko Haram ta addabi Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari daga 2014 aka rufe makarantu da dama a bakin iyaka, sau da yawa ƴan garin ne suka tattara yara a inda aka yi gudun hijira suka ci gaba da ɗan abin da za su iya. Duk wannan kishi ne, ba wanda zai musa. Amma sai aka mayar da shi dalilin ƙin biya. Ka ji babban mutum mai mota da direba ya tsaya gaban malamai yana cewa koyarwa sadaukarwa ce, ladanku na wajen Allah. Haka ne, lada na wajen Allah, amma shi nasa albashin ai bai bar shi sai lahira ba.

A Fabrairun 2022 malaman sakandare suka ce ya isa, suka fara yajin da aka sani da OTS, On a trop supporté, wato haƙurinmu ya yi yawa, suna zuwa makaranta amma ba sa taɓa alli. Me suke nema? Matrikil, wato lambar zama ma'aikacin gwamnati, cikon albashin da ake riƙe musu, kuɗin ƙarin girma da aka tara shekaru ba a biya ba. Dosiye ya tafi Yawunde ya kwanta, sai ka bi shi da kuɗin mota da kuɗin da ba a faɗa. A cikin wannan yajin ne labarin wani malamin wasanni na lise ta Beka, can Faro kusa da mu, ya karaɗe ƙasa, mutumin ya yi kusan shekara goma yana koyarwa babu albashi, ya rasu a watan Maris na shekarar. Allah ya jiƙansa. In ana neman misalin kishi ga shi nan, kuma ga abin da aka saka masa da shi. Yaron da yake lise yana kallon wannan, in ya tashi zaɓen aiki kana ganin zai zaɓi alli? Wanda ya shiga ENS ta Marwa, makarantar horar da malaman sakandare, wadda aka buɗe tare da jami'ar a 2008, don matrikil kawai, da an tura shi Tokombere ko Poli ya fara neman hanyar komawa birni, ni ba na ganin laifinsa sosai, tsarin ne ya koya masa cewa mai tsayawa shi ke shan wahala.

Akwai kuma wani gefen da masu yabon kishi ba sa son a taɓo, kishi ba tare da sanin aiki ba yana iya ɓarna. Na san malamai masu son yara da gaske waɗanda duk son nasu a bulala yake fita, don ita kaɗai suka gada. Wani zai riƙe yara har la'asar cikin zafin Afrilu na Garwa yana sa su maimaita abu ɗaya, yana ganin ƙoƙari yake, alhali da an nuna masa yadda ake koyar da sautin haruffa ɗaya bayan ɗaya da rabin lokacin ya ishe shi. Irin wannan malamin shi ya fi cancanta a kashe kuɗin horo a kansa, don duk abin da ka ba shi gobe da safe zai gwada shi a aji. Amma wa ake turawa seminar? Wanda ya san wani, saboda akwai kuɗin zama.

Ni abin da nake ganin ya kamata ba shi da wani tsawo. Metir na iyaye da ya shekara biyar a ƙauyensu yana koyarwa ya riga ya ci jarrabawar da ta fi kowace konkur wuya, a ba shi horo a ɗauke shi aiki a bar shi a garin, yana jin yaren yara, ba zai gudu ba. Insifekta in ya shigo aji ya rage duba kyan takardar shiri, ya ɗauki yara biyar daga bencin baya ya ba su layi uku su karanta, kuma in ya ji metir na bayani da Fulatanci ko Hausa a ƙananan aji kar ya rubuta masa laifi. Direkta ya ware awa ɗaya a rana a haɗa yara bisa abin da suka iya, wannan ba ya cin ko sefa ɗaya, izini kawai yake so daga sama.

Mu iyaye kuma, taron APEE na farkon shekara yana nan tafe, kuma na san yadda yake ƙarewa, a karanta lissafin da ba wanda ya gane, a yi gardama kan jaka ɗaya da aka ƙara, a yi fatiha a watse. Bana dan Allah wani ya ɗaga hannu ya tambayi abu biyu, yara nawa ne a CE1 suke iya karanta layi ɗaya su kaɗai, kuma wata nawa metir na iyaye yake bin mu bashi. In direkta ya ce bai da adadin na farko, a sa rana a dawo a gwada yaran a gaban kowa, ba ya ɗaukar fiye da safiya ɗaya. Na biyun kuma ma'aji yana da amsar a littafinsa, sai dai in ba ya son buɗewa.